“Than me” ko “than I”? Zaɓen salon kwatanci a Turancin hira da na takarda

Bahaushe bai cika shan wahala ba idan zai kwatanta abu biyu. Aikatau ɗaya, wato “fi”, shi ke ɗauke da kusan dukkan nauyin: Audu ya fi Musa tsawo, shinkafa ta fi gero tsada, Kano ta fi Katsina yawan jama'a. In abu bai cim ma ɗan'uwansa ba, sai mu ce bai kai shi ba. In ya yi wa saura zarra, mu ce ya fi kowa, ko mu sa “mafi”. Tsarin nan ɗaya ne, ko a bakin kasuwa ko a labaran rediyo. Turanci kuwa ya rarraba wannan aiki ga ƙananan kalmomi barkatai, kuma masu harshen ba sa amfani da su iri ɗaya a hira da a takarda. Abin da mutumin Landan zai faɗa wa abokinsa a waya ba lalle ne ya rubuta shi a rahoton ofis ba. Shi ya sa ɗalibin da zai zauna jarrabawar WAEC ko IELTS (jarrabawar Turanci ta masu neman karatu ko aiki a ƙasashen waje), da mai rubuta takardar neman aiki, da ma'aikacin da ke aika rahoto ga masu ba da tallafi, duk sukan tsaya da alƙalami a hannu suna tambayar kansu wanne za su sa.

Abin da na lura da shi, kuma yake damuna, shi ne ana cakuɗa wa ɗalibai abubuwan da ba ɗaya ba. Akwai abin da kuskure ne a ko'ina. Akwai abin da daidai ne, sai dai wurinsa hira. Akwai kuma abin da ke sauya ma'anar magana gaba ɗaya. Na ukun nan shi ya fi haɗari, amma shi aka fi yi wa sakaci, ana ta ɓata lokaci a kan na biyu.

Mu fara da wanda aka fi gardama a kansa. Kana so ka ce wani ya fi ka tsawo. Hanyoyi uku ne a gabanka: “He is taller than me”, ko “He is taller than I”, ko “He is taller than I am”. Ta farko ita ce a bakin kusan kowa a Ingila da Amurka, har da masu ilimi mai zurfi. Ita ce kuma ta fi zo mana da sauƙi, domin mu ma “ya fi ni” muke cewa, wakilin sunan yana zaune a gurbin wanda aikin ya faɗa wa. Ta biyu ita ce ta tsofaffin malaman nahawu. Robert Lowth, wanda ya wallafa nahawunsa na Turanci a 1762, daga baya kuma ya zama Bishop na Landan, ya koyar da cewa “than” mahaɗi ne, kuma akwai aikatau a ɓoye bayansa, saboda haka wakilin sunan da zai biyo baya sai ya dace da wannan aikatau da ba a furta ba. Wannan koyarwa ta shiga littattafan makaranta, ta bi Turawan mulki har ta iso ajujuwanmu. Matsalarta a yau ita ce idan ka faɗa wa abokin aikinka ɗan Ingila “She is older than I” ka yi shiru, zai ji maganar ta yi tauri, kamar ta mutumin da ke nuna ya yi karatu.

Ta ukun ce mafita, kuma ita nake ba kowa shawara ya riƙe a rubutu. Ka fito da aikatau ɗin fili: “than I am”, “than she does”, “than we did”. Malamin da ya taso a kan ƙa'idar Lowth ba zai ja maka jan layi ba, matashin da ke Manchesta ma ba zai ji wani baƙon abu ba. Kalma ɗaya ka ƙara, ka huta da gardamar shekara ɗari biyu da wani abu. Sai dai in tambayar zaɓi ce a jarrabawa, aka ajiye maka “me” da “I” kaɗai, to ka tuna littattafan makaranta ƙa'idar tsofaffin suke bi, ka zaɓi “I”.

Amma akwai inda maganar ta wuce ta salo. Dubi wannan jimla: “The manager trusts Amina more than me.” Me ake nufi? A Hausa ba a ruɗewa, domin jimla biyu muke da su. Ko dai manaja ya fi yarda da Amina a kaina, ko kuma manaja ya fi ni yarda da Amina. Na farko ƙorafi ne cewa an fifita wata a kanka. Na biyu kuwa kai ne ke cewa ba ka gama amincewa da ita ba. Turancin hira ya dunƙule su wuri ɗaya, yana dogara da murya da yanayin fuska su warware. A takarda babu murya. In ka aika wannan jimla ga shugaban ma'aikata, kana iya jawo wa baiwar Allah zargin da ba ka nufa ba. Ka rubuta “more than he trusts me” in na farko kake nufi, ko “more than I do” in na biyu ne.

Batun “-er” da “more” ba ya buƙatar dogon bayani, domin hira da takarda sun yi tarayya a kansa. Sifa mai gaɓa ɗaya takan ɗauki “-er”: “taller”, “cheaper”. Mai gaɓa uku ko fiye takan ɗauki “more”: “more expensive”. Mai gaɓa biyu da ta ƙare da “y” takan bi ta farko: “easier”, “happier”. Wasu kamar “common”, “polite” da “quiet” suna karɓar kowanne. Abin da ba a yi shi ne haɗa biyun. “More better” da “more easier” sun yawaita a bakin mutanenmu, kuma gaskiya ne a dā Turawa da kansu sun yi haka: Shakespeare ya rubuta “most unkindest” a wasansa na Julius Caesar. To, zamanin nan ya wuce. Yau duk mai duba takardar jarrabawa zai ɗauke shi kuskure, mai tantance masu neman aiki ma haka.

Da wannan nake haɗa wasu 'yan kalmomi da ke kayar da mu kullum. “Senior”, “junior”, “superior” da “inferior” daga Latin suka shigo, kuma can asalinsu kwatancin yana cikinsu. Ba a sa musu “than” kai tsaye, sai “to”. A Turancin Buroka ana cewa “he senior me”, daidai da namu “ya girme ni”, kuma a tsakaninmu kowa ya gane. A takarda sai ka raba: in shekaru ne, “He is older than I am”, in matsayi ne a wurin aiki, “He is senior to me”. “Elder” kuma galibi a gaban suna take zama, kamar “my elder brother”, ba a cewa “elder than”. Haka “prefer”: mu mukan ce na fi son shayi a kan kunu, sai harshe ya ja mu zuwa “prefer tea than”. Daidai shi ne “prefer tea to”. Waɗannan ba zaɓi ba ne tsakanin hira da takarda, ko a hira Bature ba ya faɗarsu.

Inda bambancin salo ya fi fitowa fili shi ne wajen nuna girman tazara. Mu mukan ce ya fi shi nesa ba kusa ba, ko ya ɗan fi shi kaɗan. A hirar Turanci za ka ji “way better”, musamman a bakin Amurkawa, da “a lot cheaper”, da “a bit higher”. Mutanen Ingila kan ƙara da “loads better” ko “miles better”. A takarda waɗannan sukan koma “much better”, “far cheaper”, “considerably higher”, “slightly lower”. Kamar kayan zaman gida ne da kayan fita unguwa: duka sutura ce, wurin sawa ne ya bambanta. “Much” da “far” su ne masu shiga ko'ina, ba wanda zai ga sun yi tauri a saƙon WhatsApp, ba kuma wanda zai raina su a rahoto. “Very” kuwa ba ta zama gaban sifar kwatanci sam, babu “very better” a kowane salo.

Kalma ɗaya nake so a yi hattara da ita, wato “significantly”. Ɗalibanmu na jami'a suna ƙaunarta saboda tana da kwarjini. A rubutun bincike tana da ma'ana ta musamman: an yi gwajin ƙididdiga, an tabbatar da wuya bambancin ya zama na dace kawai. In ka rubuta a kundin digirinka cewa amfanin wata gona ya kasance “significantly higher” alhali ba ka yi gwajin ba, malamin da ke duba ka yana da haƙƙin ya tambaye ka lissafin a ranar kare kundi. In ba gwaji, “much higher” ta wadatar, kuma ta fi gaskiya.

Sai “less” da “fewer”. Ƙa'idar da aka koya mana ita ce “fewer” ga abin da ake ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya, “less” ga abin da ake aunawa: “fewer students”, “less water”. Yana da kyau a san cewa wannan ƙa'ida ba da ita harshen ya taso ba. Tun zamanin Sarki Alfred a Ingila, a ƙarni na tara, ana sa “less” gaban abin ƙirga. Wani marubuci mai suna Robert Baker ne a 1770 ya bayyana cewa shi a ganinsa “fewer” ta fi kyau a irin wannan wuri, sai waɗanda suka biyo baya suka mai da ra'ayinsa doka. Har yau jama'a ba su gama bin ta ba. A manyan kantunan Ingila an daɗe ana rubuta “10 items or less” a layin masu ƙaramar sayayya, masu kishin nahawu suna ƙorafi, har a 2008 kamfanin Tesco ya fara sauya allunansa zuwa “Up to 10 items” don ya kauce wa rigimar baki ɗaya.

To me za ka zaɓa? A hira, “less people” ba za ta hana a fahimce ka ba. A takarda ka bi ƙa'idar, domin tana cikin abubuwan da mai karatu ke auna iliminka da su, ko da kuwa tarihinta bai kai yadda ake zato ba. Sai dai kada bin ƙa'ida ya kai ka ga wuce gona da iri. Kuɗi da lokaci da nisa ana ɗaukarsu dunƙule ne, ko da akwai lamba a gabansu: “less than 5,000 naira”, “less than three weeks”, “less than ten kilometres”. Wanda ya rubuta “fewer than 5,000 naira” ya nuna ya haddace ƙa'ida bai fahimce ta ba.

Yanzu ga inda nake so mai karatu ya fi ba da hankalinsa, wato kwatancin da ke ɗauke da lamba. A ce buhun masara ya tashi daga naira 20,000 zuwa naira 60,000. A hira mutum zai ce “three times more expensive”, kowa ya gyaɗa kai. A rahoto wannan jimla tana da baki biyu. Wani zai karanta ta a matsayin 60,000. Wani mai tsananin lissafi zai ce ƙarin ne ya kai ninki uku, wato an ɗora 60,000 a kan 20,000, farashi ya zama 80,000. Maganin abin shi ne “three times as much as”, ko “three times the price”, ko kawai “the price tripled”. In da kaso za ka faɗa, ƙarin kashi 200 ne cikin ɗari, ba 300 ba, domin abin da aka ƙara 40,000 ne a kan 20,000. Wannan kuskure yana shiga rahotanni da jaridu fiye da yadda ake tsammani, kuma idan rahoton na neman kuɗi ne, mai bayarwa yakan fara shakkar sauran lambobin da ke ciki.

Juyin wannan ya fi muni. “Three times less” ana jin ta a hira da talla, amma a takarda ka guje mata. In farashi ya sauko daga 60,000 zuwa 20,000, ka ce “a third of the price”, ko “two-thirds less”. Haka nan idan kaso ne ya motsa. A ce adadin yaran da ke fashin makaranta a wani gari ya tashi daga kashi 10 zuwa kashi 15 cikin ɗari. “Five per cent higher” ba daidai ba ce. Tazarar ita ce “five percentage points”; in kuwa da asalin adadin za a auna, ƙarin rabi ne, wato “50 per cent higher”. Mai shirin IELTS irin ta masu neman shiga jami'a ya sani cewa aikin farko na rubutu, wanda ake so ya kai kalma 150 cikin kimanin minti ashirin, galibi bayanin jadawali ne ko zanen ƙididdiga, kuma kwatanci ya yi yawa a cikinsa. Wanda ya iya “twice as many as”, “half as much as”, “slightly fewer than” da “by far the largest” ya riga ya ci rabin aikin.

Akwai wani sakaci da Turancin hira ke yafewa, takarda ba ta yafewa, shi ne kwatanta abin da ba jinsi ɗaya ba. “The population of Kano is larger than Katsina” tana auna yawan mutane da gari. Kowa ya gane nufinka, amma a rubuce sai ka ce “larger than that of Katsina”, ko “larger than Katsina's”. In jam'i ne, “those of”. Mu a Hausa “na” da “ta” ke mana wannan aiki cikin sauƙi: kasuwar Kano ta fi ta Katsina girma. Ka tuna da wannan “ta” ɗin duk lokacin da kake rubuta Turanci. Ɗan'uwan wannan sakaci shi ne mantawa da “other”. “Lagos is bigger than any city in Nigeria” ta sa Legas ta fi kanta girma, tunda ita ma birnin Nijeriya ce. “Any other city” ita ce daidai.

Kwatancin da ba a ƙarasa ba kuma na masu talla ne. Sabulu “washes whiter”, batir “lasts longer”, ba a faɗi fiye da me ba, da gangan, don kada a kama su. Na ga irin wannan a takardun neman aiki: “I work harder and deliver faster.” Fiye da wa? Mai ɗaukar ma'aikata ba zai samu abin kamawa a ciki ba. In kana da abin kwatantawa na gaske, kamar yawan kayan da kuka sayar bana da na bara, ka faɗe shi da lambarsa. In babu, ka bar kwatancin, ka faɗi aikin da ka yi.

Sauran ƙananan zaɓuɓɓuka sai in bi ta kansu da sauri. “Not so tall as” tsohon salo ne, za ka gan shi a littattafan dā. “Not as tall as” ita ce ta yau a hira da takarda duka. “Different from” ana karɓarta ko'ina, “different to” ta Ingila ce, “different than” kuma an fi jin ta a Amurka, saboda haka ta farko ce ba ta da abokin faɗa. Idan abu biyu kacal ake kwatantawa, takarda ta fi son “the better of the two”, hira kuwa takan ce “the best” ba tare da damuwa ba. “Farther” ta nisan tafiya ce, “further” tana yin wannan aiki har da na ƙari, kamar “further information”, inda “farther” ba ta shiga. “Like I said” ta hira ce, “as I said” ta takarda.

Idan aka tattara, zaɓin ya rataya ne a kan wanda zai karanta. Saƙo ga aboki ko abokin aiki da kuka saba: “than me”, “a lot cheaper”, “way better”, duk ka sake jiki da su, domin yawan tauri a irin wannan wuri yakan sa a ga kamar kana ja da baya. Wannan ya shafi wasiƙar zumunci a jarrabawar WAEC ma, inda ake so harshen ya yi laushi, sai dai ko a nan “more better” kuskure ce da za ta ci maka maki. Ganawar neman aiki baki da baki tana tsakiya: “than I am” da “much” da “far” za su kai ka, ba sai ka ɗauko “considerably” a kowace jimla ba. Wasiƙar hukuma da muƙala da rahoto kuwa, nan ne za ka fito da aikatau bayan “than”, ka raba “less” da “fewer”, ka ƙarasa kowane kwatanci, ka duba kowace lamba sau biyu.

Ga misali na kusa. A ce ma'aikaciyar wani asibitin karkara ta rubuta wa masu tallafa musu haka: “This year we saw way less patients than last year, and drugs were three times more expensive than Kano.” Abokiyar aikinta za ta gane ta sarai. Wanda ke zaune a ofis a wata ƙasa, bai taɓa ganin asibitin ba, zai tsaya a wuri huɗu: “way” ta yi hira da yawa, “less” tana gaban abin ƙirga, “three times more” ba ta faɗi ko ninki uku ko huɗu ba, sannan an auna farashin magani da birnin Kano. Gyaran bai buƙaci wata babbar kalma ba: “This year we saw far fewer patients than we did last year, and drugs cost three times as much as they did in Kano.” In tana da adadin marasa lafiyan na bana da na bara a rajista, ta sa su a madadin “far fewer”, ta kuma faɗi wane magani ne da farashinsa a wuraren biyu.